Zuwa ga Rabe, a kan Baffansa Sada

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Takarda ta fito daga hannun Sallau mahauci na Batsari zuwa ga ɗansa Rabe. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina ɗawainiyar shiri, yaya ƙarin haƙurinmu. Allah ya jiƙan matarka Ramatu da jaririn da ta tafi da shi, ya sa can ya fi musu nan. Kai kuma Allah ya tsare gabanka da bayanka a wannan tafiya ta Bukuru haƙar kuza, ya kai ku lafiya, ya dawo mana da kai da ƙafafunka.

Bayan haka, za ka yi mamakin ganin rubutuna alhali katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da naka. Sau uku ina zuwa bakin ƙofarka da niyyar magana, sai in tambaye ka ko an ba tumaki ruwa, in juyo. Bakina ya kasa, shi ya sa na aro tawada da alƙalami. Rabona da ajami tun barina makarantar allo, inda ka ga baƙi ya karkace ka yi haƙuri ka karanta a hankali. Laifina zan gaya maka.

Tun kana yaro ake ce maka baffanka Sada, ƙanena, zazzaɓi ne ya kashe shi kafin a haife ka. Ni na fara wannan magana, mutanen gida suka bi ni. Ƙarya ce. Sada shi ya raba kansa da duniya da hannunsa, wata tara bayan rasuwar matarsa, yana da shekaru kamar naka na yanzu. Kuma ina da hannu a ciki.

Shekara biyu na ba shi, amma tun muna yara shi ake gani. Wata rana Baba ya tafi da mu rugar Fulani wajen Babban Duhu sayen sa. Aka kawo wani ƙosasshe, fari tas, tozonsa har ya kwanta. Baba ya ce mu duba. Na yi maza na ce a saya. Sada ya zagaya san sau ɗaya, ya tsaya yana sauraren numfashinsa, ya ce, “Baba, wannan huhunsa ba lafiya.” Bafulatanin ya yi dariya, ya ce ai yaron nan ya gane, ya sa aka kawo wani. A gaban mutanen rugar Baba ya ce, “Sada ido gare shi. Sallau, kai kama igiya, ƙarfi gare ka.” Na kama igiyar har Batsari. Yau shekara arba'in ke nan, ina iya nuna maka inda na tsaya lokacin da ya faɗi haka.

Daga nan komai nasa ya dinga yi mini ciwo. Idan mun jera a rumfar fawa ranar kasuwa, mata su tsallake tulin namana su tsaya gaban nasa, alhali sa ɗaya muka yanka. Shi mai dariya ne, yana saran ƙashi yana tsokanar tsofaffi, ni kuwa fuskata ka san ta. Da Baba zai rasu, barhonsa, doguwar wuƙar nan mai ƙota baƙa da ya gada wurin kakanmu, Sada ya miƙa wa. Ni aka ba ni gatarin sara.

Sai kuma maganar Hajo. 'Yar Darini ce, tana kawo daddawa kasuwa, tana zama kusa da rumfarmu. Ni na fara ganinta. Wata shida ina yi mata gyaran nama fiye da kima, ban taɓa buɗe baki na ce mata komai ba. Sada ya zo ya ce yana so, ta ce ita ma tana so, manya suka shiga. Ba ta ci amanata ba tunda ban faɗa ba, shi ma har ya koma ga Allah bai san komai ba. Ni na yanka ragon bikinsu, ni na feɗe shi, ana yaba mini da cewa wa nagari. Na auri mahaifiyarka bayan shekara guda, kuma Allah ya sani ta fi ƙarfin abin da na cancanta. Duk da haka idan na ji dariyar Hajo da Sada daga sashensu, tuwo ba ya wuce mini.

Ga nasihata ta farko. Ranar sunan ɗan maƙwabcinmu na ga yadda ka kalli uban jaririn, ka sunkuyar da kai, ka bar wurin. Na san wannan kallon don na yi shi shekaru. A Bukuru ma za ka zauna da mazan da matansu ke raye, ana kawo musu saƙon ƙuli-ƙuli da gaisuwa daga gida. Zuciyarka za ta ce don me su, don me ba kai ba. Idan ta faɗa, kada ka yi mata musu, kada kuma ka ɓoye ta kana kiwonta yadda na yi. Ka ce, “Ya Allah, ga abin da nake ji, ka cire mini.” Sa'an nan ka tashi ka je ka zauna kusa da mutumin, ka ci ƙuli-ƙulin nan tare da shi. Ni ban yi haka ba, na bar abin ya girma a cikina har ya toshe mini kunne ranar da ake bukatar in ji.

Shekararsu uku da aure, da bazara, ciwon sanƙarau ya shigo ƙasar nan. Hajo ta tashi da ciwon kai ran Talata, ran Alhamis muka binne ta. Ba su samu haihuwa ba.

Abin da zan rubuta yanzu ban taɓa gaya wa ɗan Adam ba. A zaman makoki mutane suka cika ƙofar gidanmu, daga Safana, daga Darini, har Fulanin Babban Duhu suka zo da ƙwaryar nono. Kowa Sada yake nema, kowa hannunsa yake riƙewa. Ina zaune a gefe ina raba goro, sai na tsinci kaina ina tunanin ko ni aka yi wa rasuwa rabin waɗannan za su zo. Ka ji fa, har ta'aziyya na yi masa kishinta. Kuma can ƙasan raina akwai wani ɗan sanyi da na ji, wai yau shi ma ya rasa wani abu.

Aka yi bakwai, aka yi arba'in, mutane suka koma harkokinsu, Sada bai koma ba. Ya daina zuwa mayanka. Tuwon da Inna ta kai masa haka za a ɗauko shi da safe. Ya rame har wuyan rigarsa yana zamewa. Mutumin da ba ya wuni bai yi wanka ba sai ya kwana huɗu da tufa ɗaya. Yakan fita ya zauna gindin tsamiyar bayan gida tun hantsi har la'asar, idan an gaishe shi sai an maimaita. Wasu suka ce iska ce, aka yi masa hayaƙi. Wasu suka ce sammu ne, aka karɓo rubutu. Abokansa suka ce a yi masa sabon aure zai warke.

Ni kuwa kasuwa ta dawo hannuna. Matan da ke tsallake ni suka koma tsayawa gabana. Fulani suka fara kiran sunana. Na ji daɗin abin, Rabe, ba zan ɓoye maka ba.

Wata safiya Inna ta tare ni a zaure ina wasa wuƙa. Ta ce, “Kai ne babba. Yaron nan ba ya jin maganata, kullum sai ya ce mini lafiya lau. Ka ja shi ku tafi mayanka tare, ko zama ne ya yi kusa da kai.”

Na ce, “Inna, ragwanci ne. Shi kaɗai aka taɓa yi wa mutuwa a garin nan? Kun saba lallaɓa shi tun yana yaro, ga abin da ya jawo.”

Ta dube ni ta ce, “Ɗan'uwanka ne fa.”

Na ce, “Idan yunwa ta ishe shi zai tashi.” Na ɗauki kayana na fita.

Nasiha ta biyu ke nan. Baƙin ciki iri biyu ne. Akwai wanda yake zuwa da mutuwa, a yi kuka, a yi addu'a, a hankali ya sassauta. Akwai wanda yake zama ya ƙi tashi, ya hana mutum ci, ya hana shi barci ko ya sa shi barcin da ba ya ƙarewa, ya cire masa ɗanɗanon duk abin da yake so, ya dinga raɗa masa cewa shi kaya ne a kan mutane. Wannan ciwo ne kamar ciwon huhu, sai dai ba a jin tarinsa. Ban san sunansa ba, amma na gan shi da idona. Yana kama mai salla, yana kama jarumi. Wanda ya kama bai yi abin kunya ba, kuma faɗa ba ya warkar da shi. Wata bakwai ke nan da rasuwar Ramatu, mahaifiyarka tana nuna mini akushinka kullum da safe. Kada ka ce mini lafiya lau.

A wata na tara, ranar wata kasuwa da hantsi, ina cikin fiɗa sai ga Sada a mayanka. Ya yi wanka, ya sa farar riga, an yi masa aski. Mahauta suka yi ta murna suna cewa ango ya dawo. Ya gaisa da kowa hannu da hannu. Ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya zaro barhon Baba daga kube, ya ɗora a kan fatar da nake fiɗa.

Ya ce, “Yaya, riƙe wannan. Kai ya fi dacewa da ita tun farko.”

Na ɗauka ina juya ta a hannu. Shekara nawa ina son wuƙar nan. Ko fuskarsa ban kalla ba.

Ya ce, “Yaya, idan na taɓa yi maka wani abu ka yafe mini.”

Na ce, “Me ka yi mini? Matsa kada jini ya ɓata maka riga.”

Bai matsa ba. Ya ce a hankali, “Na gaji, Yaya. Da mutum zai kwanta ya ƙi tashi, da kowa ya huta.”

Ka san abin da na ce masa? Na ce, “To je ka kwanta mana. Ni ina da aiki.”

Ya yi murmushi, ya ce, “To, Yaya.” Ya miƙe ya tafi. Na bi bayansa da kallo kaɗan, na koma kan fatata, da sabuwar wuƙata.

Kashegari da rana mata masu itace suka same shi a dajin da ke kan hanyar Darini. Ba zan rubuta maka yadda aka same shi ba, ba ka bukatar sani. Ni na ɗauko shi a kafaɗata, ba shi da nauyin ɗan maraƙi.

Da muka kawo shi gida gardama ta tashi a ƙofa. Wasu dattawa suka ce wanda ya yi haka ba a yi masa salla. Sai wani tsohon malami da ya koya mana karatu, wanda da ƙyar yake tafiya, ya daki ƙasa da sandarsa ya ce, “Abin da ya yi haramun ne, babu mai musu. Amma yaron nan wata tara yana ciwo a gabanmu, wa ya zauna da shi a cikinku? Ku wanke shi ku kawo shi. Musulmi ne, hisabinsa yana wurin wanda ya fi mu sanin abin da ke cikin kansa.” Shi ya ja sallar. Ina sahun gaba, kuma na san tambayar nan tawa ce ko da bai kalle ni ba.

Sada ya ɗauka kowa zai huta. Babu wanda ya huta. Inna ta yi shekara huɗu a bayansa, kullum da magariba sai ta zuba tuwo a akushinsa ta rufe, da safe ta bayar sadaka. Ba ta taɓa zargina da baki ba, amma ba ta ƙara aikena ko'ina ba. Abokinsa na kusa ya bar fawa ya bar garin. Ni kuwa kasuwar da na yi ta kwaɗayi ta zama tawa ni kaɗai, kuma duk ranar da wata tsohuwa ta manta ta ce “Ina mai dariyar nan?” sai in ajiye wuƙa. Ciwon ne yake gaya wa mutum cewa tafiyarsa sauƙi ce ga nasa. Ƙarya yake yi, ni shaida ne.

Yanzu ka gane abin da ya sa na aro alƙalami. Ragon da ka yi shekara biyu kana kiwo ka ba ƙanwarka. Rigar aurenka ka ba abokinka. Ka zagaya gidajen dangi kana neman gafara, kowa yana cewa ai ladabin matafiyi ne. Kwana uku ke nan fuskarka ta washe, mahaifiyarka har ta yi hamdala. Ni kuwa ban yi hamdala ba, don na taɓa ganin irin wannan washewar a mayanka. Wataƙila na yi kuskure, wataƙila tafiyar ce kawai ta faranta maka rai. Allah ya sa haka ne. Amma na taɓa yin shiru sau ɗaya, ba zan ƙara ba. Don haka ina tambayarka tambayar da ban yi wa Sada ba: Rabe, kana tunanin kashe kanka?

Idan amsar ita ce e, ko wani lokaci, ko ban sani ba, ba zan yi maka faɗa ba, ba zan tara maka mutane ba. Ka faɗa wa wani yau, kafin rana ta faɗi. Tunanin nan yana zuwa da ƙarfi kamar hadari, kuma yana wucewa idan akwai mutum kusa da kai a lokacin. Kada ka ware bukka kai kaɗai a can. Ka ci abinci cikin taro ko ba ka jin yunwa. Ka yi salla cikin jam'i ko zuciyarka ba ta wurin, ka dai tsaya kafaɗa da kafaɗa da mutane. An ce akwai likita a wajen ma'aikatar kuza, idan barci ya ƙaurace maka ka je, neman magani ba ya rage tawakkali. Idan kuma ka ga wani saurayi a cikinku ya koma gefe, ya fara rabar da kayansa, ka ajiye diga ka je ka tambaye shi kai tsaye, kada ka bar shi shi kaɗai ko da zai zage ka.

Saura abu guda, kuma shi ya fi yi mini wuyar rubutawa, don yana nuna cewa halina bai mutu ba. Kawunka Malam Ɗanladi na Zakka, wan mahaifiyarka, wanda zai ja ayarinku zuwa Bukuru. Tun rasuwar Ramatu nake lura, duk Juma'a sai ka taka har Zakka ka wuni wurinsa. An gaya mini a gabansa kana magana, har kuka kana yi. Ni da na haife ka, abin da nake samu shi ne “Ina kwana, Baba” da “Sai da safe, Baba.” Abin ya ci ni ƙwarai. Na ce a raina me yake da shi wanda ba ni da shi, shi da ko kaza bai taɓa saya maka ba. Har na yi niyyar in hana ka zuwa Zakka, in ce aikin gida ya yi yawa. Na kai bakin ƙofarka da wannan maganar, sai na ji muryar da nake shirin yin ta da ita, irin wadda na amsa wa Inna da ita ce a zaure. Na koma.

Shekaranjiya na ɗaura wa jaki akumari na tafi Zakka da kaina. Na sami kawunka yana gyaran rumbu. Bayan mun gaisa na ce, “Malam, na zo ne in roƙe ka abu, kuma sai na fara gaya maka abin da zai sa ka raina ni.” Na kwashe labarin Sada na gaya masa, ban rage komai ba. Na gaya masa har kishin da nake yi da shi a kanka.

Ya ajiye aikin rumbun. Sa'an nan ya ce, “Sallau, yaron nan a bukkata zai kwana, a akushina zai ci. Idan na ga abin da ban gane ba, da kaina zan dawo maka da shi, ko aikin bai ƙare ba.”

Na yi godiya, na miƙe zan kwance jaki. Sai ya ce, “Tsaya. Ka san abin da ya sa yake zuwa nan? Ya ce mini duk lokacin da ya ɗaga kai ya ga yadda kake kallonsa, sai ya ga kamar idan ya faɗa maka abin da ke ransa za ka faɗi. Tausayinka yake ji.”

Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa ko lallashina yake yi. Idan gaskiya ce, ka daina tausayina, ba zan faɗi ba. Na ɗauki abin da ya fi maganarka nauyi. Idan kuma bakinka ya fi sakewa a gaban kawunka, ka gaya masa komai, na yarda, na ba shi kai da hannuna. Zan ji kishin, ba zan yi maka ƙarya ba, amma zan haɗiye shi. Gara in ji labarinka a bakin wani kana raye.

Duk wanda zai taho gida daga cikinku, ka ba shi saƙo ko na kalma biyu ne. Idan ka kai Safana ka ji ƙafarka ba ta son tafiyar, ka juyo, babu mai tambayarka dalili. Idan ka tafi, da ruwan farko muna jiranka, gonar bakin rafi ba zan shuka ta ba sai ka zo.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙannenka suna gaishe ka. Ka yi wa baffanka Sada addu'a da sunansa, yanzu da ka san shi. Ni ma ka roƙa mini gafara. Allah ya sanyaya zuciyarka, ya ba ka barci mai daɗi da abokan zama nagari, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin rami da sharrin abin da zuciya take raɗawa. Allah ya sa in ga furfurarka. Amin.

Wassalam. Ni ne mahaifinka, Sallau.